Karta a waya ana zuba kuɗi: wace doka ce ke aiki a Abuja?

Usman Dei-Dei: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin doka a cikinmu. Ƙanen maiɗakina yana buga Whot a wata manhaja ta waya, irin wadda ake zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe. Ya ce ya tara dubu 180 a ciki, da ya zo cirewa sai suka kulle masa asusu, wai sai ya ƙara zuba dubu 20 kuɗin tantancewa. Yanzu ya matsa min mu tafi wajen 'yan sanda. Ni kuma tsorona kar mu je kai ƙara a juya ta kanmu. Shin karta da kuɗi a waya laifi ne a dokar ƙasa nan Abuja, ko kuwa?

Ado Direba: Wa alaikumus salam. Kafin lauyoyi su iso, ka ce masa kar ya ƙara ko sisi. Dubu 20 ɗin ma hanyar 'yan uwanta za ta bi.

Malam Shu'aibu Zuba: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Usman, ai wannan ba ta buƙatar lauya. Caca ce, kuma aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta jera ta da giya wuri guda. Ko a tabarma aka yi ta ko a waya, hukuncinta bai canza ba.

Usman Dei-Dei: Allah ya gafarta Malam, wannan na sani, na kuma faɗa masa har bakina ya gaji. Ɓangaren hukuma nake tambaya, don in san inda zan sa ƙafa.

Barista Rabi: Malam Usman, amsar tana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Babu wata doka guda ɗaya da ta ce caca ta halatta ko ta haramta a duk faɗin Najeriya. Tsofaffin dokokin laifuka biyu ne. Kudu na amfani da Kiriminal Kod, Arewa da Abuja na amfani da Final Kod, wadda ta fara aiki tun 1960, zamanin Sardauna. Ta Kudu ce ta yi bayani dalla-dalla a sashe na 236, inda ta lissafa wasannin da ta haramta: kusan duk wasan ƙwayar da ake jefawa, cacar wuri, da duk wasan karta da ba na ƙwarewa ba. Tamu ta nan ta fi sa ido kan mai buɗe gidan caca da mai taimaka masa. Duka biyun an rubuta su ne lokacin da caca ke nufin ɗaki, fitila da mutane a zaune. Wanda ya rubuta su bai taɓa tunanin yaro zai kwanta a ɗakinsa a Dei-Dei yana karta da wanda bai san a wace ƙasa yake ba.

A 2005 majalisar tarayya ta yi dokar cacar tikiti ta ƙasa, aka kafa hukumar NLRC tana ba kamfanoni lasisi. Da wannan lasisin manyan kamfanonin bet suka baza shaguna ko'ina. Jihar Legas ta ce ba ta yarda ba, wannan hurumin jihohi ne, ta shigar da ƙara a Kotun Ƙoli a 2008. Sai ranar 22 ga Nuwamba 2024 aka yanke hukunci, alƙalai 7 baki ɗaya suka ba Legas gaskiya. Dalilinsu shi ne caca ba ta cikin jerin abubuwan da kundin tsarin mulki ya ba tarayya, don haka ta jihohi ce. Dokar 2005 ta daina aiki a jihohi 36, ta rage a Abuja kaɗai, saboda Abuja ba ta da majalisar jiha, majalisar tarayya ce ke yi mata doka.

To a nan Abuja, baligi ɗan shekara 18 zuwa sama da ya buga a kamfani mai lasisi bai karya dokar ƙasa ba. Abin tambaya shi ne manhajar da surukinka ya shiga, wa ya ba ta izini? Daga yadda ka siffanta ta, na fi zaton ba ta da lasisin kowa. Kamfani mai rajista ba ya cewa ka biya kuɗi kafin ka ciri kuɗinka. Abin da zai nema shi ne NIN ko BVN da shaidar cewa asusun bankin naka ne.

Ado Direba: Ranki ya daɗe Barista, tsaya in gane. Ni kullum ina kan hanyar Zuba zuwa Suleja. Zuba Abuja ce, Suleja Neja ce, Neja kuma tana cikin jihohin shari'a. Kenan fasinjan da na ɗauka yana danna waya, a tasha bai yi laifi ba, muna wuce Madalla ya zama mai laifi? Ni da na ɗauko shi fa, ina fatan ba ni da kaso.

Barista Rabi: Malam Ado ka yi ta da wasa, amma a takarda kusan haka abin yake, musamman in fasinjan Musulmi ne, don dokar laifuka ta shari'a a kansa take hawa. Ka juya ta gabas, daga Nyanya ka taka Mararaba ka shiga Nasarawa, wata dokar ce kuma. Kai dai ba ka da kaso, ja motarka.

Nura Gwagwa: Barista, na ji kin ce wasan karta da ba na ƙwarewa ba shi aka haramta. To ai Whot ƙwarewa ce. Wanda ya iya riƙe katinsa, ya san lokacin da zai saki ɗauki-biyu, ya lura da abin da abokin wasa ke nema, shi ke ci. Ba daidai ba ne a haɗa shi da wanda ya zaɓi lambobin Baba Ijebu ya koma yana jiran sa'a.

Barista Rabi: Nura, wannan maganar a dokar Kudu take, ba tamu ba. Kuma ko a can kotu ce za ta auna, shin ƙwarewa ce ta rinjayi sa'a ko sa'a ce ta rinjaya. Ba a Najeriya kaɗai ake wannan jayayya ba. A Indiya tun shekarun 1960 Kotun Ƙolinsu ta ce wasan karta na rami ƙwarewa ne, kamfanoni suka fake da wannan suka gina babbar kasuwa a intanet. A watan Agusta 2025 majalisarsu ta yi doka ta hana duk wasan intanet da ake zuba kuɗi, na ƙwarewa ne ko na sa'a. Wato sun gaji da rarrabewar.

Bulus Mararaba: Nura ɗan'uwana, bari in shigo nan, don na riƙe shagon bet kafin in koma sana'ar POS. Whot a benci gaban shago daban, Whot a manhaja daban. A benci kana ganin hannun mai raba kati, in ya yi coge ka kama shi. A manhaja wa ya raba? Wa ya tabbatar maka mutum ne a ɗaya gefen ba kwamfuta ba? Ƙwarewarka tana aiki ne in an raba katin da gaskiya, kai kuma ba ka da hanyar sani.

A ce ma da gaskiyar aka raba. Ku biyu kowa ya zuba 1,000, kuɗi ya zama 2,000, mai manhaja ya cire kamashonsa, a ce 200, wanda ya ci ya ɗauki 1,800. Kai da abokin wasanka in ƙarfinku ɗaya, ka ci rabi ya ci rabi, dukanku asara kuke yi. Sai ka ci wasa 56 cikin 100 kafin ka fara ganin riba. Mai manhaja kuwa babu ruwansa da wanda ya ci.

Haka na ƙwallo yake. Wasan da ko wannan ko wancan ne, rabi da rabi, kamata ya yi a biya ninki 2. Sai su ba ka 1.90 ta kowane gefe. Wannan ɗan ragin, kusan 5 cikin 100, shi ne abincinsu. Ba ya da yawa a ido, amma yaranmu ba wasa ɗaya suke bugawa ba, goma suke jerawa a tikiti guda don naira 200 ta zama dubu ɗari. Kowane wasa da nasa ragin, in ka tara goma, abin da ke dawowa a jimla bai wuce naira 60 cikin kowace 100 ba. Shi ya sa in yaro ya shigo yana cewa wasa ɗaya ne ya yanke masa tikiti, mu da ke bayan kanta mun san gobe ma zai faɗi haka.

Nura Gwagwa: Yaya Bulus, amma ai ana ci. Ni na ga wanda ya sayi Keke Napep da kuɗin bet.

Bulus Mararaba: Ana ci mana. In ba a ci wa zai dawo? Wanda ya sayi keken kowa ya san shi a unguwa. Waɗanda suka haɗa masa kuɗin keken ba sa zuwa majalisa su ba da labari.

Hajiya Talatu Kubwa: Ni duk wannan lissafin ba shi ne damuwata ba. Barista ta ce shekara 18. Ina koyarwa a sakandare, kuma ina faɗa muku yara 'yan aji huɗu da biyar suna bugawa. A shago aƙalla mai shago zai ga fuskar yaro, wani ya kore shi, ko maƙwabci ya gan shi ya kai wa ubansa labari. A waya fa? Da lambar uwarsa yake buɗe asusu, ita ba ta ma san me ake ciki ba sai ta ga alat. An ba yaro kuɗin rajistar jarabawa ya zuba a wasan jirgin nan da ke tashi sama yana ninka kuɗi, ya ce zai ninka ya mayar kafin a gane. Uwar ta zo makaranta tana kuka. Wace hukuma zan tura ta?

Alhaji Garba Admin: Hajiya kin taɓo inda ke ciwo. Mu da muka manyanta mun tuna zamanin kalo-kalo, injin da ake jefa kwabo a ja hannu. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta hana shi da doka a 1977, aka bi otal-otal da mashaya ana kwashewa. Ya yiwu ne don inji abu ne mai nauyi, ana ganinsa, ana iya loda shi a mota. Yau injin yana aljihun kowa.

Malam Shu'aibu Zuba: To ai shi ya sa nake cewa a rufe ƙofar gaba ɗaya. Ku dubi Kano. Hisba ta fara rufe shagunan bet a 2024, masu shaguna suka ɗaga takardar lasisin tarayya suna cewa Abuja ce ta ba su izini. Da Kotun Ƙoli ta yi hukuncin nan, takardar ta tashi aiki, Hisba ta ce za ta ci gaba. Abin mamaki, Legas ce ta yi shari'ar don ta karɓi harajinta, Kano ta amfana don ta rufe. Ni a ganina hukuncin alheri ne gare mu.

Bulus Mararaba: Malam, da girmamawa, an rufe shago, an rufe waya? Abokan sana'ata da ke can sun ce ciniki bai mutu ba, ya koma waya ne. Kuma wanda ya bar shago mai rajista ba gida yake komawa ya zauna ba, irin manhajar surukin Malam Usman yake faɗawa, wadda ba ta da ofis, ba ta da lambar da za ka kira. Da yawansu in ka duba ƙasan shafinsu za ka ga lasisin wani tsibiri ne Kurasawo, can yankin Karebiyan. Wasu ko wannan babu. In sun cinye ka, jirgi za ka hau ka je ka kai ƙara?

Ni ba ina kare caca ba ne. A cocinmu ma fasto yana wa'azi a kanta, kuma da ina ganin alheri a ciki da ban bar shagon ba. Amma a Abuja muke, gari ne na kowa da kowa, ba za a yi mata dokar Kano ba. Abin da zai yiwu shi ne a matsa wa masu lasisi: su tantance shekaru da gaske, su sa iyaka ga abin da mutum zai zuba a rana, wanda ya ce a rufe masa asusu don ya kasa dainawa, a rufe masa. Marasa lasisi kuma a bi ta banki a toshe hanyar kuɗinsu, don duk inda suke a duniya da naira ake biyansu.

Malam Shu'aibu Zuba: Bulus, na ji hujjarka, amma da za a bi ta da babu abin da za a hana a duniya. Sata ma ba ta ƙare ba don an hana ta. Shago a bakin titi da allo mai haske yana koya wa yaro cewa abin ba komai ba ne. Wanda zai ɓuya ya yi a waya aƙalla ya san abin kunya yake yi. Kuma lasisin da kuke ta ambata, jama'a su gane, takardar gwamnati ce ta karɓar haraji. Ba ta mayar da haram halal.

Barista Rabi: A nan Malam ya yi gaskiya ta wani gefe, ko ta fuskar doka. Lasisi ba ya nufin gwamnati ta tsaya maka in ka yi asara. Abin da yake ba ka shi ne adireshi: akwai kamfani mai rajista da za a iya kai wa sammaci, akwai hukumar da za ta iya ƙwace masa izini. Shi ke nan. Amma wannan ɗin ba ƙaramin abu ba ne in ka kwatanta da wanda ba shi da kowa.

Malam Usman, ga abin da zan ce game da yaronku. Abin da aka yi masa, a ce biya kafin ka cira, zamba ce, kuma zamba ta intanet laifi ce a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015 ko da wanda aka zambata caca ya je yi. Ya adana hoton duk saƙonninsu da rasit na kowane tiransifa, musamman sunan asusun da ya riƙa tura wa kuɗi. Ya fara da bankinsa ya shigar da ƙorafi a rubuce, sannan a kai takarda sashen 'yan sanda mai kula da laifukan intanet ko EFCC. Ban ga dalilin da za a tsare shi ba, amma kar ya tafi shi kaɗai, kuma kar ya ɓoye cewa wasa ya shiga. Sai dai kar ku sa rai da dubu 180 ɗin nan. Lamba ce kawai suka rubuta masa a allo. In an yi sa'a aka kama asusun da wuri, abin da ya tura da hannunsa ne ake iya magana a kai.

Usman Dei-Dei: Na gode ranki ya daɗe. Na tambaye shi yanzu, abin da ya tura da kansa ya kai dubu 65.

Malam Shu'aibu Zuba: In Allah ya sa ta dawo, wannan ɗin ce tasa. Abin da ya hau kai ba nasa ba ne ko da sun biya, dukiyar waɗanda aka cinye ce.

Nura Gwagwa: Tambaya ɗaya Barista. In gwamnati na ganin abin ba kyau, me ya sa take cire haraji a kan abin da mutum ya ci? Ka ci kuɗi a yanke maka, ka yi asara babu mai tausaya maka.

Barista Rabi: Ƙa'idar cire haraji daga tushe da ta fara aiki a Janairu 2025 ta sa 5 cikin 100 a kan abin da mazaunin ƙasa ya ci, 15 ga wanda ba mazauni ba. Gwamnati ba ta ce abin kyau ne ko ba kyau ba, ta ga kuɗi na wucewa ne ta miƙa hannu. Rigimar Legas da tarayya ta shekara 16 ma ai kan wannan hannun ne, wa zai miƙa.

Hajiya Talatu Kubwa: Kun gani ko. Shekara 16 ana shari'a kan wa zai karɓi kuɗi. Ban ji an yi ko wata shida ana shari'a kan yaran da ake cinyewa ba.

Alhaji Garba Admin: Barista, na ji a rediyo majalisa ta sake kawo wani ƙudiri a 2025 na haɗa cacar intanet a ƙarƙashin hukuma ɗaya ta tarayya. Wannan ba zai magance matsalar Ado da fasinjansa ba?

Barista Rabi: An kawo shi Alhaji, kuma Legas da hukumomin caca na jihohi sun yi masa ca, suka ce dawo da abin da kotu ta rushe ne ta bayan gida. Masu goyon baya na cewa intanet ba ta san iyakar jiha ba, kuma harkar sadarwa ta tarayya ce. Masu adawa na cewa kotu ba ta bambanta cacar shago da ta waya ba, caca ta ce. Ni a matsayina na lauya ina ganin masu adawa sun fi ƙarfin hujja, in ana son tarayya ta karɓa sai an gyara kundin tsarin mulki, wannan kuma sai majalisun jihohi 24 sun amince. Amma a matsayina na uwa, na san jiha ɗaya ba ta da ƙarfin da za ta bi kamfanin da ke wata nahiya.

Malam Shu'aibu Zuba: Kuma in tarayya ta karɓa, ranar za a dawo wa Kano da Zamfara da takardar izini daga Abuja a ce ba su isa su rufe ba. Ni ban yarda ba.

Bulus Mararaba: Ba dole sai haka ba Malam. Ana iya cewa tarayya ta riƙe toshe marasa lasisi da bin sawun kuɗi, tunda Babban Banki CBN da hukumar sadarwa NCC nata ne, jiha kuma ta riƙe ikon cewa a yi ko kar a yi a ƙasarta. Manhaja tana sanin inda waya take. In Neja ta ce ba ta so, kamfani ya kulle wasa da zarar waya ta shiga Neja.

Ado Direba: Wato muna wuce Madalla wasa ya tsaya cak, fasinja ya ce in yi ribas.

Nura Gwagwa: Yaya Bulus ai akwai VPN, manhajar da ke ɓoye inda waya take. Yaron JSS ma ya iya kunna ta.

Bulus Mararaba: Akwai, amma VPN ba ta canza BVN. Adireshin da ke jikin asusun bankinka yana nan. Ba za a kama kowa ba, za a dai rage.

Hajiya Talatu Kubwa: Ku dai ku yi ta tsara wa gwamnati aiki. Barista, ni taron iyaye da malamai muke da shi Asabar mai zuwa, ƙarfe 10. In kina da sarari ki zo ki yi wa iyaye bayanin nan na buɗe asusu da lambarsu, don yawancinsu ba su san ana yi ba. Bulus kai ma ka zo da lissafinka, a allo za ka rubuta musu shi.

Bulus Mararaba: Zan zo Hajiya, in dai za a bar ni in tafi kafin azahar, Asabar ce ranar cinikina.

Barista Rabi: Ki turo min sunan makarantar ta akwatin sirri, Hajiya. Zan duba ko ba ni da wani zama ranar.